Hatsi Ya Yi Mana Yawa

A shekarun fari, zamanin soja, babu wanda ya kai ni shiga silima a duk unguwar Yantala. Saboda haka na san ɗan leƙen asiri da gani: baƙin tabarau, rashin magana, rediyo manne da kunne. Da wani dattijo ya tare a gidan da ke kallon namu da alamun nan duka, sai na gargaɗi abokan shan shayina cewa kowa ya iya bakinsa.

Ni kuwa na fi su dabara. Kullum in zan wuce shi sai in ɗaga murya: "Wace yunwa? Mu dai hatsi har ya yi mana yawa, Allah ya bar mana soja!" Alhali namu ya kusa ƙarewa.

Ran nan sai ga matarsa da ƙwarya. Ta gaida matata, ta ce, "Maigidana, Mushe malamin makaranta, shi ya aiko ni. Tunda aka yi masa aikin ido ya bar koyarwa, gidan ba ko tiyar hatsi. Ya ce kullum yana jin maigidanki yana kukan hatsi ya yi muku yawa."

Matata ta raba mata ɗan abin da ya rage, tana kallona ba ta ko ƙiftawa.

Har yau in na zauna wurin shayi, sai wani ya miƙo mini hularsa: "Mai hatsi, a rage maka kaya?"