Ranar da Na Binne Yayan Shef Kanto da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Shef Kanto, hakimin yankinmu, ya aurar da 'yarsa, zamanin da Faransa ke riƙe da Togo. Lokacin ina maroƙi a Zongon Sokode. Na ce maroƙi, amma gaskiya rabina ne maroƙi, ɗaya rabin mai mafarki ido biyu. Ina iya tsayawa tsakiyar kasuwa ina kallon gajimare har jaki ya ture ni.

Shef Kanton nan (ba zan kira sunansa ba, har yau bakina bai saba ba) mutum ne da in ya yi tari a zaure, har kajin ƙauyen Kparatao sai su yi tsit. Wanda ya ɓata masa rai, gardi, dogaran Nasara, su kwashe shi zuwa aikin tilas a hanyar mota. Shi ya sa aka kira ni. Ya ce surukansa mutanen Tchamba ne masu ji da asali, don haka ranar ɗaurin aure in jero musu gidansu kaf, har da yayansa marigayi da ya rasu a arewa, a yi masa Fatiha.

"In ka yi daidai, rigar saƙi," in ji shi. "In ka yi kuskure, diga."

Sai ga shi ban san sunan marigayin ba, kuma ba mai faɗa mini. Duk tsohon da na tambaya, nan take zai tuna bai yi alwala ba. Wata mai ƙosai ce ta raɗa mini cewa in nufi Dapaong, can arewa. Na ce ni ba zan yi roƙo da ƙarya ba, na hau kamiyo, babbar motar kaya.

Duk tsawon hanya ina cikin rigar nan da ba a ba ni ba tukuna. Ina ganin kaina ina takawa a hankali, iska na buɗe ta, 'yan mata na leƙe ta kan katanga. Itatuwan kuka suna wucewa, ni kuwa ina ɗaga musu hannu.

A kasuwar shanun Dapaong aka nuna mini wani tsoho mai janyo wa dabbobin fatake ruwa, ana ce masa Baba Mai Guga. Mutumin wajen Sokode ne, Hausarsa ta koyo.

"Sunansa Isifu," ya ce. "Uwarsu Adiza, shi ya haife su su biyu, Isifu ne babba. Ya tafi arewa da shanu, ubansu ya mutu a bayansa. Ƙanin ya je wurin Bature kumanda ya ce yaya ma ya mutu. Aka ba ƙani hular sarauta."

Wannan ɓangaren na zubar da shi a nan bakin rijiya, don ina son fatar bayana. Sauran na haddace: tsage uku a kuncin hagu, da ƙaramin yatsan dama da igiyar bijimi ta tsinke. Yana magana, ni ina kallon ruwan kwami, inda sararin sama ke lilo, ina gwada wa inuwata riga. Da na ce sunan amarya Adiza, sai ya roƙi in tafi da shi ya ga biki. Na yarda. Har na miƙa masa jakata ya ɗauka (maroƙin Shef Kanto guda ai ba ya ɗaukar kaya).

Ranar ɗaurin aure ƙofar gida ta cika. Na miƙe, tsohon na zaune kusa da ƙafata, na buɗe murya. Ban taɓa yin roƙo mai daɗin na ranar ba, har ni kaina tsigar jikina ta tashi.

"Isifu ɗan Adiza, mai tsage uku a hagu, mai yatsa tara, ya bar ɗaya ga bijimi. Ƙasar arewa ta rufe shi. Jama'a, Fatiha."

Kowa ya ɗaga hannu. Liman ya fara, sai ya tsaya cak. Tsoho ne, tare suka yi yarinta da marigayin. Na bi idonsa, na ga inda ya tsaya: hannuwan Baba Mai Guga, a buɗe, yatsu tara. Rawanin Baba ya zame, ga tsage uku. Da hannun nan muka yi ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya tun daga Dapaong, ban taɓa duba shi ba.

"Isifu?" in ji liman.

"Na'am, Malam. Ku ƙarasa, ina cewa amin."

Wallahi na so ƙasar arewar da na ambata ta zo ta rufe ni. Mutanen Tchamba suka shiga kallon juna. Shef Kanto, cikin wata siririyar murya da ban san yana da ita ba, ya tambayi wanda ya kawo shi.

"Wannan yaron kirki," in ji tsohon, ya nuna ni. "Ga ma jakarsa."

A gaban surukai ba yadda ƙane zai yi da yayansa, dole ya sauko daga kujera ya durƙusa ya gaishe shi. Isifu bai nemi hula ba, ya sa wa amarya albarka ya ce gobe zai koma rijiyarsa. Ni kuwa ba ni da ƙane mai jin kunyata, diga ta tabbata.

Kafin gardi su tafi da ni, Isifu ya zo ya dafa kafaɗata da hannun nan.

"Kada ka ji kunya, ɗana. Tun ina da baƙin gashi ba a kira sunana a garin nan ba. Yau na ji shi. Ko cikin matattu ne, na ji shi."

Na fasa dutse har damina ta wuce, rigar saƙi kuwa har yau a mafarki nake sa ta. Amma tun daga ranar, in an ba ni mamaci in yaba, ba na fara tambayar sunansa. Sai na tambayi wanda ya ga kabarin, sannan in ce wa mai ba ni labarin ya buɗe hannunsa in gani.