Ranar da Na Wanke Murjanin Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun ƙanwar matata ba. Ko na so in manta, dangin matata sun sha alwashin ba za su bar ni ba.

Ni direba ne a wani ofishin gwamnati da ke Doka, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to wankin mota ne. Motar da nake ja, ko ƙuda ya sauka a kanta sai santsi ya kwashe shi. Wannan ya sa na ɗauka duk abin da Allah ya halitta mai ƙyalli ni ne likitansa. (Ku riƙe wannan maganar, a nan ciwon yake.)

Dangin matata Hauwa suna da wani murjani na gado, na kakarsu ne. Sili ɗaya ne, ƙwayoyinsa jajaye, manya kamar 'ya'yan kanya. Duk 'yar da za a aurar a gidan, ranar kamu Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsu, ita ke rataya mata shi da hannunta. Bayan biki amarya ta tafi da shi ɗakinta, ta adana har sai an tashi aurar da ta gaba. Hauwa ce aka aurar ƙarshe, don haka murjanin yana gidanmu a Hayin Banki, a ƙulle cikin wani tsohon kallabi.

Da bikin ƙanwarta Ummi ya zo, Hauwa ta tattara yara ta koma gidansu a Kinkinau. Ana gobe kamu da sassafe sai ga kiranta.

"Maigida, na manta da murjanin nan. Yana saman durowa cikin kallabi. Don Allah ka taho min da shi gobe. Kuma kada ka buɗe."

Na ce to. Tana kashe waya na buɗe.

Gaskiya ban ji daɗin abin da na gani ba. Ja ne, amma jan ya yi duhu, kamar kujerar motar haya da ta sha zama. Na ce a raina, haba, wannan za a rataya wa amarya a gaban dangin ango, manyan ma'aikata masu fita waje? Sannan akwai wani abu da ke ci min rai. Tun da na auri Hauwa, Gwaggo Asabe ba ta taɓa kiran sunana ba. Kullum "direban nan". Sai na hango ta a raina ta buɗe kallabi, haske ya kashe mata ido, ta ce, "Wa ya yi wannan aiki?" a ce mata ai surukinki ne.

Na tuna yadda mahaifiyata ke wanke tasoshin tagulla a ƙauyenmu da lemon tsami da toka, su fito kamar sababbi. Toka dai babu a gidan mai risho, amma lemon tsami ga shi nan a bakin titi. Na sayo leda guda, na matse a kwanon sha, na tsunduma murjanin ciki.

Nan da nan wasu ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin ƙwayoyin, har da 'yar ƙara, tsss. Wallahi murna na yi. Na ce Alhamdu lillahi, dattin kaka da kakanni ne ke fita. Na rufe kwanon da faifai, na tafi aiki ina fito.

Bayan la'asar na dawo na ɗaga faifan. Jama'a, abin da na tsamo ba murjani ba ne. Ƙwayoyin sun yi fari fat kamar alli, jikinsu ya yi kaushi, ga 'yan ramuka ramuka. Na ɗauraye da ruwa, suna bushewa farin ya dawo. Na shafa man gashin Hauwa, babu labari. Na ɗauko man da nake goge mota da shi, wanda bai taɓa ba ni kunya ba, ranar ya ba ni.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya ya kira matarsa. Ni kuwa sai na tuna akwai jar maka a aljihun mota, wadda muke rubutu da ita a jikin kwalayen ofis. Na zauna a kan tabarma na bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, har cikin hudar zaren. Da na gama sun fi da ja nesa ba kusa ba. (Allah ya yafe min, har hoto na ɗauka.) Matsala ɗaya ce, jan ya kama min yatsu, ya shige gefen farce kamar na yi lalle. Na dirje da sabulu, ya ƙi fita duka.

Washegari na isa Kinkinau hannuna a aljihu. Hauwa tana ta kai da kawo, ta karɓi ƙullin ba ta ko duba ba. Na koma waje cikin maza, muka zauna a benci muna jiyo kiɗa da muryar matar da ke riƙe da lasifika tana ta kirari.

Ga wanda bai sani ba, a wajen kamu dangin ango ne ke zuwa su buɗe fuskar amarya, su feshe ta da turare. Su kuma waɗannan dangin angon ba su da rowa. Kowace da kwalbarta. Abin da ban sani ba a lokacin, turare da maka ba sa ga maciji.

Sai muka ji kiɗa ya tsaya, salati ya tashi. Wata mata ta fito a guje ba mayafi.

"Ina mai mota? Amarya jini take zubarwa! A kawo mota!"

Kafin in yi motsi an tura ni cikin gida, ni kaɗai namiji a tsakiyar mata maƙil da tsakar gida. Ga Ummi zaune cikin farin leshi, ja ya gangaro daga wuyanta har ƙirji. Ita kanta mamaki take, tana cewa, "Ni fa ba na jin ciwo."

Gwaggo Asabe ce kaɗai ba ta ruɗe ba. Ta shafa wuyan Ummi, babu rauni. Ta kama ƙwaya ɗaya ta murza da bakin zanenta, fari ya bayyana. Ta murza ta biyu. Sai ta ɗago a hankali, ta nemi matata da ido.

"Hauwa'u. Ina murjanin uwata?"

"Gwaggo, shi ne wannan."

"Wannan tsakuwar? Amana aka ba ki. Kin sayar, kin sayo na bogi kin shafa masa jan baki, don kin ga idona ya fara rauni?"

Hauwa ta durƙusa tana rantsuwa tana kuka. Na ji wata daga dangin ango ta ce ƙasa ƙasa, "Ikon Allah, sata a cikin gida." Hauwa, matar da ko canjin cefane ba ta taɓa riƙewa ba, ga shi ana mata kallon ɓarauniya a gaban baƙi, ranar auren ƙanwarta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kalli ƙofa. Tana nan a buɗe, motata na waje, tankinta a cike. Amma sai Hauwa ta ɗago ta dube ni, ba kallon zargi ba, kallon neman ceto. Na cire takalma, na tsuguna, na fito da hannuwana daga aljihu.

"Gwaggo, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na wanke shi."

Matar nan mai lasifika, Allah ya saka mata daidai da aikinta, sai ta matso ta kara min shi a baki. Don haka duk abin da ya biyo baya, har mazan da ke benci da mai shagon tsallaken titi sun ji.

"Da me ka wanke shi?"

"Da lemon tsami."

"Lemon tsami," in ji Gwaggo. "Kunun gyaɗa aka ce maka?"

"A'a, Gwaggo."

"To jan fa?"

"Makar ofis ce."

Wata dattijuwa ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya faɗi, sauran suka ɗauka. Ummi ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "Haba Yaya, ai da ka gaya min, da jan leshi na ɗinka mu yi anko."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun Hauwa ta tashe ta.

"Tashi, 'yar nan, ki yafe min, na ɗauki alhakinki. Ashe ba hali kika sake ba, miji ne Allah ya jarrabe ki da shi."

Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma, murjani daga teku yake, tsami cinye shi yake yi. Tun ina budurwa babu abin da ya taɓa shi sai tsumma mai laushi. Ko turaren kamu, ana watsewa nake goge shi. Duhun nan da ka gani ka ce datti ne, wuyan uwata ne, da nawa, da na matarka."

Wannan maganar ta fi dariyar zafi. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da hulata.

Bayan biki aka kai shi wurin wani mai gyaran duwatsun ado a kasuwa. Ya goge farin da ramukan, jan ya dawo, sai dai ƙwayoyin sun rame. Hauwa ta yafe min, amma har yau in na nemi lemon tsami zan sa a shayi, sai ta fara taɓa 'yan kunnenta ta tabbatar suna nan. Sunana kuwa Gwaggo ta daina cewa "direban nan". Yanzu "mai lemon nan" take cewa.

Abin da na koya, ba duk abin da ya yi duhu ne ke neman wanki ba, kuma in matarka ta ce kada ka buɗe, ta fi ka sanin wanda ta aura.

Ranar da za a miƙa wa Ummi murjanin ta adana, ni na kai Gwaggo gidan. Ta sa aka kira angon, ya zo ya durƙusa. Ta daɗe tana kallon hannuwansa.

"Yaro, kana wanke mota?"

"A'a, Gwaggo, kai ta nake a wanke min."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Sannan ta miƙa wa Ummi ƙullin.