Ɗakin Kaka Tasalla Ya Gurgunce

"Lahiya lau na kwana, in dai kwanan kwale-kwale kwana ne. Ya iyalin? Ya gajiyar zaman banza?"

Nu'uman bai ko gama durƙusawa ba kakarsa Tasalla ta tarbe shi da wannan. Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu na bayan Runka, dangi suka cika gidansa na Batsari har aka rasa ɗakin da za a sa tsohuwar. Shi kuwa mai gyaran wayar mota ne. Sai ya samo wata tsohuwar tirela mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawa ke ja da mota su tafi shan iska, ya kafa ta a filin da ke jikin gidan, ya kewaye da zana. Ƙafafun ƙarfe huɗu gare ta masu aiki da batir. Ana danna makunni sai su sauko su dafe ƙasa, ɗakin ya tsaya cak. Yau ga ƙafar baya ta hagu nan a maƙale, tsakaninta da ƙasa ya kai taƙi guda.

"Amarya, ni ne mai zaman banza? Motoci uku na bari a gareji saboda kiranki."

"Kai ka san su. Ni dai na aika wa Jafaru mai a-kori-kura, in an yi azahar ya biyo ya ɗauke ni. Runka zan koma."

Nu'uman ya san ta sarai, in ta ce za ta yi abu, yi take. Ko makon jiya sai da aka tare mota a hanyar nan.

"Ki koma ki tarar da wa? Ƙadangaru?"

"Ƙadangarun sun fi ka riƙon mace. Ɗakin da kakanka ya gina mani shekara hamsin bai taɓa rawa ba. Naka kuwa in na juya ya juya, in na yi tari ya amsa. Jiya furata ta tashi da kanta ta yi tattaki har bakin ƙofa."

"To ai nauyinki ne. An yi ɗakin nan don Turawa masu shan shayi, ba masu tashi da malmala uku ba."

"Ni da iska ke ɗauka? Kai dai ka sayo gwangwanin madara ka ce mani ɗaki."

Ya girgiza kai, ya shimfiɗa buhu ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tirelar. Katakon da ya sa a ƙarƙashin ƙafar ya nutse cikin laka saboda ruwan shekaranjiya. Wannan ba komai ba ne, ƙafar kawai za a ƙara saukewa. Ya miƙa hannu ya danna makunni. Shiru. Ya gwada batir, da wuta. Ya zaro fis ya ɗaga shi sama, ya ƙone ƙurmus.

"Kaka, wa ya taɓa makunnin nan?"

"Aljanu."

"Aljanun suna cin goro? Ga jan yatsa nan a jiki."

"To na danna. Ɗakina ne ko na uwarka?"

"Sau nawa?"

"Ina ƙirgawa ne? Na dai danne shi har ya yi kuka irin na ɗan akuya, ya yi wari, ya yi shiru."

"Inna lillahi! Na ce maki in ya yi gurnani a sake shi!"

"Kai ma tun kana cikin zani kake gurnani, wa ya sake ka?"

Ya sa sabon fis, amma bai danna ba. Abin da ya ƙona na farko yana nan, zai ƙona na biyu. Ya matsa wajen doguwar sandar ƙarfen nan mai zare, wadda injin ke juyawa ƙafa ta sauka. Da ya shafa, sai hannunsa ya kwaso wani abu mai danƙo, haɗe da yashi da gawar tururuwa. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa.

"Tasalla!"

"Kai, marar kunya, sunana gatsal?"

"Man shanu ne wannan!"

"Na Fulanin Tsaskiya ma kuwa, mai kyau. Ka ga ƙafa na ƙara, mi za a yi mata? Gwiwata in ta yi ƙara shi nake shafawa."

"Gwiwar taki ta warke?"

"Ta fi ƙafarka tafiya, tunda ita tana lanƙwasuwa."

Nu'uman ya rufe ido, ya ja numfashi. Man ya kama yashi, yashin ya daskare a zaren ƙarfen kamar siminti, injin ya yi ta fama har fis ya ƙone. Allah ma ya sa fis ɗin ne ya tafi. Da injin ne, sai an je Kano, kuma ba lallai a samu ba.

Ya ɗauko kananzir da tsohon buroshi ya shiga wankewa, baƙin ruwa na ɗiga masa a gemu. Rana ta fara zafi. Tsohuwar ta jawo kujerarta har gefen tayar don kada ya rasa abokin faɗa.

"A hankali, kada ka ji mata ciwo."

"Ki yi mani shiru, don Allah."

"Ga miji! Mai gida a ƙarƙashin ɗaki, uwar gida a kan kujera. Haka ya kamata."

"Sakinki zan yi yau, wallahi, in huta."

"Wa zai kwashe ka? Mutum kullum yana warin fetur kamar jarka."

Ya goge ƙarfen tas, ya shafa masa giris na gaskiya, ya sa ƙarfen juya ƙafar da hannu ya murza. Da farko ya ƙi, sai ya yi ƙara ya saki. Ya ciro katakon daga laka, ya zuba tsakuwa, ya ɗora wani mai faɗi.

Yana cikin haka ya ji ta yi shiru. Da ya leƙo, gabas take kallo, inda hadari ke haɗuwa.

"An ce ruwa ya sauka sosai can wajenmu," ta ce a hankali. "Gonar kakanka ko iri ba a jefa ba."

Nu'uman ya goge hannunsa a buhu.

"In hanya ta yi kyau, ni zan kai ki da kaina, Kaka. Amma ba yau ba."

Ya danna makunni. Injin ya yi ɗan kuka mai daɗi, ƙafar ta sauko sannu a hankali ta dafe katako, ya saki makunnin.

"Hau ki gwada."

Ta hau da ƙyar, ta buga ƙafa, ta yi tari da gangan, ta faɗa kan gado ta juya hagu ta juya dama. Ɗaki ko motsi.

"To?"

"Man shanuna ne ya jiƙa shi, ka zo ka tarar da aiki ya ƙare."

"Kaka!"

Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta leƙo ta taga.

"Kira Jafaru ka ce ya yi tafiyarsa, mijina ya yi abin kai yau. Ungo." Ta miƙo masa ƙwai uku na zabi a cikin murfin kwano. "Ka ci biyu. Ɗayan na mayar da aure ne, kada ka ce ban biya ba."