Firam Ɗin da Ya Ci Mana Ƙofa

Ni da na shiga aji da furfura a kaina kuma na ci jarrabawar Turanci a Germantown, garin da muke zaune a ƙasar waje, ban ga abin da zai gagare ni ba a sayen firam ɗin ɗinkin bargo, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur. Bargon na sunan jikata ne, kuma na riga na cika baki a gaban surukai.

Maƙwabciyata Maman Rifkatu, nas 'yar Jos, ta miƙo min tef. "Hajiya, auna teburin tukuna."

Na ce, "Tef? Da kamu uwata ta sayar da yadi a Funtuwa, kamu biyu yadi ɗaya, ba wanda ya taɓa dawo mata da kaya."

Na auna da hannuna, na yi oda. Abin da na manta shi ne uwata doguwa ce, ni kuwa guntuwa.

Firam ya iso, ya zarce teburin ta kowane gefe, yana lilo. Maigidana ya duba, ya ce zai je alwala, alhali bai daɗe da idar da salla ba.

Maman Rifkatu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira mijinta. Ya cire ƙofar kicin ɗinmu ya shimfiɗa a kan teburin, firam ya zauna daram. Na gama bargon kafin suna. Allah ya saka musu da alheri.

Ƙofar dai har yau ba ta koma ba. Duk sanda Maman Rifkatu za ta shigo kicin, sai ta tsaya ta ƙwanƙwasa iska, ta ce, "Hajiya, a shigo?"