Ranar da Na Kusa Mayar da Mai Jego Bakin Aiki

Abubuwa da yawa sun same ni a Doha na manta da su, amma wata Alhamis guda a Al-Sadd ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so mantawa ma, akwai mata uku a duniyar nan da ba za su bari ba.

Bari in fara gaya muku yadda nake kallon kaina a lokacin. Injiniya ne ni, shekarata shida a ƙasar, kuma cikin 'yan'uwa Hausawa da muke haɗuwa cin shinkafa bayan sallar Juma'a, Barista ake kirana. Ban taɓa leƙa ajin koyon lauya ba. Sunan ya bi ni ne saboda duk wanda takarda ta rikita shi, ta biza ce ko ta hayar gida ko ta kwantiragin aiki, ni nake duba masa. (Gaskiya rabinsu ba su roƙe ni ba, ni nake cewa a miƙo in gani.) Ga kuma Larabci. Na yi Islamiyya a Zariya har na kai ajin ƙarshe, don haka a ganina Larabcina ya fi na direban tasi, wani lokacin ma har ina gyara wa Balarabe nahawu a zuciyata.

Matata Sadiya tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani kamfani mai zaman kansa, aikin da ake wuni a tsaye. Da Allah ya ba mu 'yarmu ta fari, tiyata aka yi mata. Ta samu hutun haihuwa na kwana hamsin, mahaifiyarta Hajiya ta zo daga Funtuwa don kula da jego, ni kuma nawa kamfanin ya ba ni kwana uku, na ƙarar da su wajen karɓar barka a waya. Sai ɗinkin ya ƙi warkewa yadda ake so. Gefe ɗaya ya yi ruwa, aka yi ta komawa asibiti ana wankewa. Da hutun ya zo ƙarewa likitarta ta ce sam, wannan matar ba ta isa tsayuwar awa takwas ba, tana buƙatar ƙarin mako shida.

Sadiya ta yi mini bayanin yadda abin yake, har sau biyu. Tana iya ƙara hutu, amma babu albashi. Sai dai kamfaninsu yana da inshorar da ke biyan ma'aikaci wani kaso na albashinsa idan rashin lafiya ta kwantar da shi na ɗan lokaci, muddin an shigar da fom kafin hutun farko ya ƙare. Wannan bayanin yanzu nake iya jero muku shi tiryan-tiryan. A lokacin da take yi, ina gyaɗa kai ne ina duba wa wani abokina takardar hayarsa a waya.

Hutun zai ƙare Asabar, a can kuma Juma'a da Asabar ba a aiki, don haka Alhamis ce ranar aiki ta ƙarshe. Da safe ta miƙo mini ambulan daga kan gado, jaririya a kafaɗarta.

"Don Allah ka kai wa Madam Rima a ofishin kula da ma'aikata, hawa na huɗu. Na cike, na sa hannu, likita ta buga hatimi. Miƙawa kawai za ka yi."

"Kin taɓa ganin takardar da ta gagare ni?" na ce, ina gyara hula.

Daga unguwarmu Madinat Khalifa na shiga tasi zuwa ofishinsu a Al-Sadd. Ba mu yi nisa ba na buɗe ambulan ɗin. (Ba sa ido ba ne. Mutumin da ke duba takardun jama'a kyauta, ta gidansa ce zai miƙa ido rufe?) Shafin da Larabci yake, kuma a can sama, da manyan baƙaƙe, na ga kalmar da ta sa jinina ya hau: ajzu.

Na san kalmar nan farin sani. Malaminmu na Islamiyya ya fassara mana ita da gazawa da kasawa, kuma tana cikin abubuwan da muke neman tsari da su a addu'a, kafaɗa da kafaɗa da kasala. Na ci gaba da karantawa a hankali, ina bi da yatsa. Ma'aikaciya ta tabbatar da cewa tana cikin ajzu, ba ta iya gudanar da aikinta. Ga sa hannun Sadiya a ƙasa.

Nan take komai ya fito mini fili. Tarko ne. Sun ga mace ta haihu, suna so su rabu da ita, shi ne suka lallaɓa ta ta sa hannu da kanta cewa ta gaza, gobe su ce ai ke kika faɗa. Baiwar Allah, ciwo ya hana ta karanta abin da take sa wa hannu. Na gode wa Allah da ya ba ta miji irina. Na zaro biro, na ɗora takardar a cinya, na rubuta daga wannan kusurwa zuwa waccan, da Larabci, da manyan baƙaƙe: AN ƘI. Rubutun ya ratsa ta tsakiyar hatimin likita. Na sa hannu, na ƙara da cewa mijinta kuma kafil ɗinta, wato mai ɗaukar nauyin zamanta a ƙasar.

Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur biyu. Madam Rima, Balarabiya mai tabarau, tana kan na gaba. A na kusurwa akwai wata baƙar mace da ta manyanta, da mayafi ruwan toka, tana ta buga kwamfuta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na ajiye takardar a gaban Madam Rima, na ƙi zama, na gyara murya.

Da Larabcin littafi na fara, irin na huɗuba. Na ce matata ba gajiyayya ba ce, ba malalaciya ba ce, 'yar gidan mutunci ce da aka sani da himma. Madam Rima ta dube ni ta saman tabarau ta ce in ba damuwa mu yi Turanci. (Na ɗauka Larabcin nawa ne ya yi mata zurfi.) Na juya harshe ban rage wuta ba. Na ce shekara huɗu tana yi musu aiki ba ta taɓa makara ba. Da na ga ba ta girgiza ba, sai na shiga kawo hujjoji.

"Jiya-jiyan nan da hannunta ta tuƙa tuwon mutum shida. Ta wanke banɗaki. Lifta ta lalace a gidanmu, hawa uku ta taka da ƙafarta ɗauke da jaririya, ko haki ba ta yi ba."

Ko ɗaya babu gaskiya a ciki. Hajiya ce ta tuƙa tuwon, ni na wanke banɗakin bayan an yi mini magana sau uku, liftarmu kuma lafiyarta ƙalau.

"Wato kana nufin ta warke?" in ji Madam Rima.

"Garau take. Ta fi ni ƙarfi."

"Khalas, shi ke nan. Sai ta dawo aiki ranar Lahadi, ƙarfe bakwai na safe."

Kun san har a wannan lokacin ji nake na yi nasara? Na kusa cewa madalla. Sai ta ɗauki takardar da yatsu biyu, ta juya bayanta, ta turo mini. Ashe akwai Turanci a baya, komai dalla-dalla. Fom ne na neman tallafin inshora ga ma'aikacin da jinya ta hana shi aiki na wucin gadi. Kalmar da na yi ta yaƙi da ita tun daga cikin tasi, a harshen likitoci da 'yan inshora, ba ta wuce haka ba. Har akwai layin da ya ce cike fom ɗin ba ya taɓa matsayin ma'aikaci a wurin aiki.

Na ji gumi yana bin bayana, alhali na'urar sanyaya ɗakin kamar ta daskarar da mutum.

"Amma ba kai ne ma'aikacinmu ba," ta ce. "Dole in ji daga bakinta."

Kafin in ce uffan ta danna wayar tebur, ta sa ta a lasifika. Sadiya ta ɗauka. Madam Rima ta gaishe ta, ta tambayi jaririya, sannan ta karanto mata duk abin da na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, har da tuwon, har da benen, har da abin da na rubuta a kan hatimi. Sai Sadiya ta tambaya da Turanci ko mijin nata yana kusa. Aka ce ga shi a tsaye. Ta juya zuwa Hausa, murya a kwance, irin kwanciyar da ta fi ihu ban tsoro.

"Abban Amal. Ni na tuƙa tuwo jiya? Ni da ko tashi daga gado sai Hajiya ta riƙe ni? Mako biyu ina bin likitar nan kafin ta samu lokacin cike takardar. Aika ɗaya na yi maka, aiken da direban tasi ma zai iya. Wallahi in ranar Lahadi ta yi babu hutun nan, kai za ka sa farar riga ka je ka ɗebi jinin mutane, tunda kai ne ka san komai."

Madam Rima ta ɗaga gira. "Me ta ce?"

A nan ne ya kamata in sunkuyar da kai in faɗi gaskiya. Amma na duba ɗakin na lissafa cewa ni kaɗai ne mai jin Hausa a hawa na huɗun nan. Na gyara tsayuwa.

"Cewa ta yi ta gode da kulawata ƙwarai, sai dai an samu ɗan rashin fahimta ta ɓangarenta."

Ƙarar kwamfutar kusurwa ta tsaya cak. Matar nan mai mayafi ruwan toka ta juyo da kujerarta a hankali, ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Maigida," ta ce, da Hausar Zangon Kumasi, "ba haka matanka ya ce ba."

Sannan ta juya ga Madam Rima ta fassara mata komai da Turanci. Ba ta rage ko wasali ba. Da ta zo kan maganar direban tasi har sai da ta maimaita, don kada a rasa ma'anar. Madam Rima ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Daga cikin lasifika kuma Sadiya ta ce, "Anti Memuna, ke ce? Allah ya saka miki da alheri." Ashe sun san juna sarai. Ni kaɗai ne baƙo a wurin.

Na zauna a kujerar da na ƙi zama a kai tun farko. Na ce, da ƙaramar murya, yanzu yaya za a yi?

Anti Memuna ce ta tausaya mini. Ta buga sabon fom ta miƙo. Ta ce sai likita ta sake cikewa ta buga hatimi, Sadiya ta sake sa hannu, kuma su ƙarfe uku suke tashi. Lokacin sha ɗaya ta wuce. "Yalla," in ji Madam Rima, tana share hawayen dariya.

Asibitin likitar a Al Aziziya yake. Na isa rigata ta jiƙe sharkaf, na zauna a layin masu ciki, ni kaɗai namiji, kusan awa biyu, ina roƙon ma'aikaciyar jinya duk lokacin da ta gifta. Da likitar ta leƙo ta tambayi abin da ya samu takardar farko, na buɗe baki zan ce shayi ne ya zube a kai. Sai na tuna inda ƙarya ta kai ni awa biyu da suka wuce, na zaro ta na nuna mata. Ta daɗe tana kallon rubutuna a kan hatiminta. Sannan ta cike sabuwar, amma ta ƙi ba ni a hannu sai da ta sa a ambulan ta manne bakin.

A gida Sadiya ta yage ambulan ɗin, ta sa hannu, ba ta ko kalle ni ba. Ina juyawa zan fita na ci karo da Hajiya a bakin kicin. Ashe lokacin da aka kira, Sadiya tana shayarwa ne, ita ma a lasifika ta sa wayar. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda na saba.

"Sannu da ƙoƙari," ta ce, fuskarta babu ko alamar murmushi. "Ashe tuwon jiya Sadiya ce ta tuƙa. To Allah ya yi mata albarka, ya yi daɗi kuwa."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Uku saura minti goma na ajiye takardar a teburin Madam Rima, na yi sallama na fita. Bayan 'yan kwanaki inshorar ta amince. Sadiya ta yi mako shidanta, ɗinkin ya warke sumul, ta koma aikinta babu wanda ya taɓa mata kujera. Ta yafe mini a rana ta huɗu, bayan na wanke banɗaki sau biyu ba tare da an ce in yi ba.

Anti Memuna kuwa ta zo barka a makon, ɗauke da atamfa, daga nan ta zama 'yar gida. Har yau in ta zo ta tarar ina waya da Larabci, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Maigida, in fassara?"

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. Kafin ka tashi kare mutum, ka fara sauraron abin da ya ce yana so, musamman in sau biyu ya faɗa maka. In kuma har ka ƙudura za ka yi wa matarka ƙarya a gabanta a Doha, don kana ganin babu mai jin yarenku, to ka fara gaida wadda ke zaune a kusurwa, ka ji da wane harshe za ta amsa.