Daktan Murfi

Wata bakwai na yi ina jigila daga Umbadda zuwa ɗakin bincike a Soba ina neman digirin dakta kan tambaya ɗaya: idan aka hana ƙwayar cutar bairos mai suna polyoma kwafar DNA ɗinsa, shin ƙwayoyin gadonsa masu fara aiki da wuri za su yi sanyi? Farantan renon bairos shida na zuba wa maganin hana kwafa, shida na bari haka, na rubuta alama a murfin kowanne.

Sakamako ya fito a juye, masu magani suka fi aiki. Ko ɗar ban ji ba. Na shaida wa gida na ƙaryata masanan duniya, Baba ya yanka akuya.

Malamata ta leƙa gindin farantan, babu rubutu. "Ya ustaz, da ka buɗe su, ina ka ajiye murafan?"

Nan na tuna. Musanya su na yi. Digiri ya ƙara shekara, akuya kuwa an cinye.

Goggo Hawwa, mai sayar da shayi a Kasuwar Umdurman, ta ce, "Ni da ban yi boko ba, cikin kwalba nake leƙawa, ba murfi nake dubawa ba."

Har yau, da ta hango ni sai ta dafe kwalaben citta da kanumfari: "Daktan Murfi ya iso, kowa ya riƙe nasa!"