Ranar da Na Ari Sandar Gwaggo Hassi

Ba zan taɓa mantawa da sandar Gwaggo Hassi ba, ko da zan tsufa har in yanki tawa ta kaina. Har yau in na hango ta jingine a zauren gidanmu na Gwandu, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Abin ya faro ne bayan na haifi ɗiyata ('yar fari ce, don haka kada ku jira in faɗi sunanta). Tana wata tara yatsuna suka fara yi mini gardama. In na tashi da safe sai in iske sun sandare kamar busasshen kara, wuyan hannu ya kumbura, gwiwar hagu ma tana nata. Muciya ta gagare ni riƙewa. Duk wannan na daure. Abin da ya tsorata ni shi ne majanyi. Wata safiya na goya yarinyar, na ɗaure iya yadda yatsun suka yarda, na duƙa zan hura wuta, sai na ji ɗaurin ya kwance, ta zamo har ƙuguna. Da gwiwar hannu na tare ta, ga garwashi a gabanmu. Tun daga ranar, duk taku uku sai na shafa bayana in ji ko tana nan.

Sau biyu ina zuwa wani asibiti a can wajen Kalgo, inda nake aure. To ni yadda aka rene ni, mace ba ta fita gaban mutane wujiga-wujiga. Sai na yi wanka, na ja kwalli, na ɗauro atamfar da na sa ranar suna. Kafin layi ya zo kaina rana ta take, su kuma yatsun munafukai, da rana ta yi zafi sai su saki. Likita ya ce, "Yaya jikin?" Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." (To me zan ce? Kakata ma ranar da za ta rasu haka ta amsa wa kowa.) Ya dubi kwalliyata, ya ce gajiyar shayarwa ce, in riƙa hutawa. Ya rubuta farasitamol.

Likitan da na tarar a zuwa na biyu ko kansa bai ɗaga daga takarda ba. Ya tambayi shekaruna, na ce ashirin da biyu. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce, "Ciwon gaɓoɓi ai sai tsofaffi. Ki rage tunani." Na fito ina ta tunanin yadda ake rage tunani. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu, ina ni ina musu da mai farar riga? Har maigidana ya fara cewa, "Tunda dai likita biyu sun ce ba komai..." sai ya bar maganar a rataye.

Da yarinyar ta fara tafiya na je ganin gida Gwandu, nan na faɗa hannun Gwaggo Hassi, yayar babana. Ita Gwaggo babu asibitin da ba ta san bencinsa ba. Na ba ta labari tun daga farko, ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyar nan, da wanga kwalli kika tahi? Biki aka gayyace ki? Kuma mi kika ce mashi?"

"Na ce da sauƙi."

"To ai gara da ya ba ki farasitamol. Ni ce shi, goro zan ba ki in ce a gai da gida."

Washegari ta shirya ni da kanta. Ta cire mini 'yan kunne, ta ba ni wani zane da ko jemammiyar tabarma ta fi shi kyan gani, ta lakato toka ta goga mini a leɓe da kumatu. Sannan ta miƙo sandarta. Na ce, "Gwaggo, ai hannu ne ya fi damuna." Ta ce, "Hannu na ɗingishi? Wa zai hango hannu daga nesa? Ƙahwa za mu kai masu." Muka yi ta gwaji a tsakar gida, kaji suna kallo. In na ce "wash", sai ta ce na yi kamar wadda sauro ya ciza, in jawo shi tun daga ciki.

Gaskiya dabarar ta ci, har ta wuce yadda nake so. Muna shiga asibitin Gwandu, Gwaggo na saɓe da yarinya, ni ina jan ƙafar hagu ina nishi, sai mutane suka dare. Wani tsoho mai tari kamar ƙirjinsa zai tsage ya miƙe ya ba ni wurinsa, yana cewa, "Sannu ɗiyata, yarinya ƙarama da wanga ciwo, Allah ya ba da lahiya." Matan da ke layi suka haɗa baki a bar ni in fara shiga. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka zafin ciwo ne.

Likitar mace ce, da jin Hausarta 'yar wajen Zuru ce. Ta ce in zauna, na ɗauki lokaci ina zama, na saki wani "wayyo Allah" wanda ko Gwaggo sai da ta gyaɗa kai. Gwaggo ta karɓe bayani. Da yake ita ba ta iya magana sai da hannu biyu, sai ta dire yarinyar ƙasa. Tana cikin cewa, "Wata ukku ke nan ko bayi sai an ɗauke ta," na waiga, ba yarinya. Ta ƙofa na hango ta can bakin baranda, ta nufi matakala, ga wani ɗan kabu-kabu yana shigowa da mara lafiya.

Ban san lokacin da na yi jifa da sandar ba. Na tsallake benci guda da mutanen da ke kansa (an ce har ƙafata ta taɓa hular wani), na keta barandar nan da gudun da rabona da shi tun ina wasan 'yar ɓuya, na cafke ta a kan matakalar farko.

Na juyo rungume da ita, sai na ga asibiti kaf ya zuba mini ido. Can tsohon nan mai tari ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Allahu akbar! Yanzu-yanzu ta shiga da sanda! Jama'a, ni dai wajen wagga likita za ni!"

Wallahi na so a ce matakalar ta buɗe in shige. Amma takalmina ɗaya yana ɗakin likita, ga Gwaggo a ciki, dole in koma. Da na zo ƙofa hankalina ya gaya mini in gyara ɓarna, sai na ɗauki sandar na ci gaba da ɗingishi. Likitar ta bi ni da ido har na zauna, sannan ta ce a hankali, "Maman yarinya, ɗazu hagu ce."

Na dubi Gwaggo ta cece ni. Ta kau da kai tana gyara mayafi, ta ce, "Ni dai rakiya na yo."

Sai kuka ya zo mini, na gaske wannan karon, hawaye yana yin hanya a cikin toka. Na ce, "Likita, ƙarya na yi, ina tafiya. Amma wallahi da safe ba na iya ɗaure majanyi. Yarinyar nan ta taɓa zamowa a bakin murhu. Na je asibiti sau biyu an ce gajiya ce, ni kuma tsoro nake ji wata rana in yar da ita."

Ba ta yi dariya ba (ko da yake na ga leɓenta yana rawa). Ta ce, "Ajiye sandar, miƙo hannuwan." Ta bi gaɓoɓin yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana matsawa. Da ta zo kan na tsakiya na yi wata 'yar ƙara siririya, ko rabin ta ɗazu ba ta kai ba. Ta ce, "Yauwa, wannan ce ta gaskiya." Ta tambayi tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su saki, na ce sai rana ta hau katanga. Ta rubuta. Ta ce irin wannan ciwo yana kama mata masu ƙuruciya ma, ta sa aka ɗebi jinina, ta ba ni takardar zuwa Birnin Kebbi wajen waɗanda suka fi sanin ciwon gaɓoɓi.

Yanzu ina shan magani. Ban warke sarai ba, amma yawancin safiya ɗaurin majanyina yana zama daram. Gwaggo kuwa har gobe cewa take yi sandarta ce ta yi aikin, har ta ara wa mata biyu a unguwa.

Ni dai abin da na koya ɗan kaɗan ne. Duk wanda ya ce mini "yaya jiki" a hanya, zan ce da sauƙi, don haka aka rene ni. Amma in mai farar riga ne, sai in ɗora masa hannuwana a kan tebur in fara da labarin majanyi, ba kwalli, ba toka. In kuma wata rana ƙaddara ta sa na sake aron sanda, to yarinyar a gida zan bar ta.